Yashin da Mai Gilashi Ya Samo Kyauta

Ranar da Gwaggo ta fita takaba, Mai Gilashi ya hau bene da kayan aikinsa ya canza mata tagar da ta tsage tun maigidanta yana kwance. Ya yi sallama ya kama aiki. Da ya gama, ya tsuguna ya tsince ɓarɓashin da hannu, don ya lura ba ta sa takalmi a ɗaki.

A ƙasan benen yake zaune da matarsa da 'ya'ya mata uku. Yankan gilashi ne sana'arsa, yatsunsa duk tabo. Ba ya zaman majalisa, ba ya bin ƙwallo. Abinsa ɗaya ne: akwatin gilashi a falo, cike da ruwan gishirin da yake haɗawa da kansa, da duwatsun murjani masu rai, da kifayen teku. Cikinsu akwai wani fari mai rawaya a ka, tsawon ɗan yatsa, wanda yake kira Lebura. Yini yake yana ɗiban yashi da baki, ya tace abin ci, ya furzar da sauran ta gefen wuya. Shekara shida suna tare. In kifin ya ƙi cin abinci, mai shi ma ba ya ci.

Sai ya haɗa sabon akwati, ninki biyu na tsohon. Gilashi ba ya ba shi tsoro, yashi ne ya tsaya masa a wuya. Na gini ba ya yi, na kanti kuma, farin nan na niƙaƙƙen murjani, tsada kamar magani.

"Yashi fa, Baban yara," in ji matarsa. "Yashin da kaza ke birgima a ciki ba da sisi ba."

Ana haka ya ji wani otal zai rushe nasa akwatin. Ya je ya kwaso yashinsu kyauta, jiƙaƙƙe, bokiti uku. Masu kiwon kifin teku suna cewa tsohon yashi rai gare shi, akwai ƙananan halittu a ciki da ke tsabtace ruwa, ruwan famfo kuma kashe su yake. Saboda haka bai wanke ba. Ya rufe bokitan gam, ya jera su a tsakar gida yana jiran gam ɗin da ya liƙe sabon akwatin da shi ya bushe. Kwana biyar rana tana dafa su.

Gwaggo tana shanya dardumarta ya buɗe na farko. Ta yi jinyar miji shekara biyu, ta wanke abin da ba a faɗa, amma ba ta taɓa shaƙar irin wannan ba. Ruɓaɓɓen ƙwai ne da masai da mushe, a kwano ɗaya. Saman yashin toka-toka, ƙasan baƙi wuluk, yana yauƙi. Matattun tsutsotsi masu gashi sun taso sun kumbura. Kafin ta ja mayafi ta toshe hanci, ƙudaje sun iso kamar an aika musu goron gayyata.

"A'uzubillahi! Ɗan nan, me ya mutu?"

"Ba abin da ya mutu, Gwaggo. Rai ne."

"Ni dai na san warin rai, na san na gawa. Zubar da abin nan."

"In ya sha iska zai washe."

"Ƙarya kake, sai dai mu mu washe daga gidan!" matarsa ta yi ihu daga kicin, ta banko ƙofa.

Ya naɗe hannun riga ya dinga kwasa da tafi yana kaiwa falo yana zubawa a sabon akwatin, baƙin ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a dakali. Gwaggo ta sauke dardumar ta sake wanke ta. Abincin rana bai shigar mata ba, ko ruwa ta kurɓa sai ta ji ɗanɗanon bokitin.

Kwana biyu ruwan akwatin ya kwanta, ya yi garau a ido. Ya juye kifayen a ciki. Sauran suka tsaya sama-sama. Lebura kuwa ya san aikinsa: ya nutse, ya cika baki, ya haƙa har ya kai baƙin. Kumfa ta taso, falon ya sake ɗaukar wari. Mai Gilashi ya kwashe sauran da rariya ya mayar tsohon akwati, suka farfaɗo. Shi wanda ya ci yashin ya kwanta gefe guda, bai sake motsi ba.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa wa Gwaggo. Mai Gilashi ne, riƙe da hankici a naɗe, ya yi baƙi-baƙi a tsakiya. Warin ya riga shi shigowa. Ta ja da baya taku ɗaya.

"Uwar yara ta ce in jefa a shara," ya ce, idonsa a ƙasa. "Hannuna ya ƙi. Gwaggo, don Allah ki binne min shi a tukunyar furenki. Ki tona da zurfi, akwai kyanwa a gidan nan."