Yadda na koyar da in da on da to

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai gama fitar da kai ba, a ita aka tura ni koyarwa wata firamare a ƙauyen Ɗambatta. Aji biyar aka ba ni. Littafin Turanci ɗaya ne tak, yana hannuna, sai dai in kwafa musu a allo. Yara da yawa ba sa karyawa kafin su zo, hantsi na yi sai ka ga ido ya faɗa. Duk da haka hedimasta ya kafa doka cewa duk mai tambaya a aji ya yi ta da Turanci.

Ni kuwa na fito daga kwalejin horon malamai da zafina, ba na barin kuskure ya wuce. Wata rana wata yarinya mai ƙoƙari ta ɗaga hannu tana so ta je rijiya shan ruwa, ta ce, "May I go in the well?" Na tambaye ta da Hausa ko faɗawa ciki za ta yi. Aji ya kwashe da dariya. Daga ranar ta daina tambaya, sauran ma suka bi sahunta. Sai in yi ta magana ni kaɗai har a kaɗa ƙararrawa.

Bango bai kai rufi ba tsakanin ajinmu da na malamin Arabiyya, wani dattijo sa'an mahaifina, don haka yana jin komai. Ranar nan ya tsayar da ni a gindin darbejiya ya ce ba laifin yaran ba ne, a Hausa "a" ɗaya ce ke ɗaukar cikin abu da kansa, zuwa wuri kuma ba sai an sa komai ba, ni kuma ina neman su raba su uku.

"'Yata, ai sun san fi da ala da ila na Larabci tun a Islamiyya," in ji shi. "Ki bi ta nan."

Washegari na raba allo gida uku. Na rubuta fi kusa da in, ala kusa da on, ila kusa da to. Na sa alli cikin gwangwani, na ɗora shi kan tebur, na aiki yaro bakin ƙofa, suna faɗa da Larabci sannan da Turanci. Kafin mako ya fita hannuwa suka fara tashi. Na ba yarinyar nan haƙuri a gaban kowa, ita ce ma ta fara cewa "May I go to the board?" daidai.

Ita ce kuma ta ƙure ni. Ta tambaya me ya sa ake cewa on Monday, ko Litinin abin hawa ce. Na ce ban sani ba, haka masu harshen suke faɗa, irin wannan sai a haddace shi ɗungurungum. Muka ware gefen allo muna tara irinsu, ba a gogewa.

Da zango ya zo ƙarshe, hedimasta ya sa in nuna wa sauran malamai hanyar duk ranar Alhamis bayan an tashi. Na yi hakan har shekara uku kafin a canza mini makaranta.