Ƙwayar amare da na sha don in kamo Awudu

Salamu alaikum. Tun azumin bara na ɓace muku, yau dai zan yi magana.

Awudu ɗan wan babana ne, tare aka kai mu koyon kanikanci a unguwar makanikai ta Suame Magazine muna samari. Shi ƙato, ni kamar sillen kara, ga murya siririya, ga shi 'yan mata ba sa burge ni. Har yanzu ma haka nake, kuma ba ni na zaɓa ba. Yaran gareji suka sa mini suna ɗan daudu.

Kishin Awudu ya ci ni. Ko tari ya yi sai a ce namiji.

Sai na fara shan ƙwayar ƙibar da amare ke saya a unguwar Akwatialine kafin biki, ina haɗawa da tramol don in iya ɗaga injin. Fuska ta kumbura, wuya ya cika. Awudu ya ce, "Cale, abokina, ka fara zama mutum." Na ji daɗi, na kuma ƙara jin haushinsa.

Da azumi ya kama, na ce na tuba, na watsar da komai lokaci ɗaya. Sai amai da jiri, ƙafafu suka ƙi ɗaukata. Na faɗi a ƙarƙashin wata tirela.

A asibiti aka yi ta ƙarin ruwa da ɗibar jini, ana gwada ƙoda da suga. Mma, mahaifiyata, ta sayar da firjin da take sana'ar ƙanƙara da shi. Na tsorata, na ɗauka tafiya ce.

Likita ta ce, "Wannan ƙwayar ba a yanke ta farat ɗaya, jikinka ya riga ya dogara da ita. Me ya kai ka?"

Na faɗa mata gaskiya duka, Mma tana zaune. Na kasa kallonta, ina jiran ta tashi ta fita.

Sai Mma ta gyara mini filo. "Ban gane duka ba. Amma kai na haifa, ba Awudu ba. Sha kokonka."

Alhamdu lillahi, na warke, na koma siririna. Na gode wa likitar, na gode wa Awudu da ya goyo ni har bakin titi, ko da yake sauƙin rayuwarsa na ba ni haushi har gobe.

Mai shan ƙwayar nan, kada ka daina da kanka, je asibiti a rage maka a hankali. Ku kuma masu tsokana, ku sani sunan da kuke kiran yaro da shi, wata uwa ce ke biyan kuɗinsa a gadon asibiti.