Gashin Chizuru Mai Taliya

Duk wanda ya taso a unguwarmu ta masunta ya san Chizuru mai shagon taliya, kuma gashinta ya fara sani. Ya sauko har gadon baya, kullum yana sheƙi da mai. Namiji aka haife ta, sunan namiji aka raɗa mata, shi ne har gobe a takardun hukumar Japan, amma tun da ƙuruciya ta bar gida ta zo ta zauna cikinmu a mace, almakashi bai ƙara hawa kanta ba. Mu dai Chizuru muka sani.

Abokiyar faɗanta ita ce Tamae mai kifi, shago na kallon shago. Ranar da majalisar gari ta hana ma'aikatanta nuna wa irin su Chizuru bambanci, Tamae cewa ta yi, "Sun rasa aikin yi. Wa ya isa ya taɓa wannan masifaffiya?"

Ashe akwai. Da tsufa ya kama Chizuru ta faɗi ta karye a ƙugu, sai aka kai ta gidan kula da tsofaffi na hukuma, aka bi takarda aka ajiye ta ɓangaren maza. A can, duk farkon wata mai aski kan zo a jera masa tsofaffi ya yi musu ƙwal, don sauƙin wanka. Matar da ba a taɓa kayar da ita a cacar baki ba, tsoro ya sa ta bi layin askin.

Tamae ta shigo da ledar lemo ta tarar har an ɗaura wa Chizuru ƙyallen aski a wuya.

"Kai, ajiye abin nan!" ta daka wa mai askin tsawa. Ta juya kan shugaban gidan. "Ranka ya daɗe, dokar da majalisa ta yi, ta ado ce? Ko in je ofishin gari in tambayo?"

Shugaban ya yi ta rusunawa yana ba da haƙuri, ya ce yau za a mayar da ita wajen mata. "Sai dai, Baba, wa zai riƙa wanke wannan uban gashi? Hannu ya yi mana kaɗan."

"Ni," in ji Tamae.

Tun daga ranar, da ta tashi daga kasuwa sai ta zo da matajin katako.

"Kin cika min kai da ƙarnin kifi," in ji Chizuru, idonta taf da hawaye.

"Rufe min baki, tsohuwa. Sunkuyo."