Tandar da Iya Kubura Ta Bari a Karaye

Da an idar da sallar asuba a Ruwan Bago, Iya Kubura takan leƙa randa ta ga ko da ruwa, ta juya ganyen magaryar da ta shanya a faifai, sannan ta zauna da mazarinta tana kaɗi. Kunnenta yana ƙofar gida. Idan sallama ta zo da sauri, ta san aron turmi ne. Idan mai sallamar ya yi shiru kafin ya sake, sai ta ajiye mazari ta ɗauki ƙwaryarta. Ita ce mai wankan gawar mata a garin, har daga Zoza ana zuwa ɗaukarta. Bana hannunta ya fara rawa, ta miƙa aikin ga Lauratu, wadda ta daɗe tana koya wa.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ba 'yar garin ba ce, kuma ba wannan ce sana'arta ba. Da can mai waina ce a kasuwar Karaye. Fataken gyaɗa da 'yan dokan En'e, wato na sarki, duk a gaban tandarta suke karyawa. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai soro, ɗanta Halliru yana ɗinki da keke. Me zai ɗauke mace daga wannan ya kai ta bukka a ƙauye?

Ta iya wankan tun tana amarya, a wajen mahaifiyarta ta koya. A wajenta kuma ta ga abin da aikin yake jawowa: mutane suna girmama mai wankan gawa, amma ba sa cin abin da ta dafa. Babu littafin da ya ce haka, sabo ne kawai. Don haka da Kubura ta kafa tanda, sai ta rufe bakinta a kan abin da ta iya.

A bazarar shekarar sanƙarau, Tani, ƙanwarta da ke aure a Ruwan Bago, ta zo kasuwa ta tsuguna kusa da ita. Kubura ta tura mata waina, ba ta taɓa ba.

"Yaya, tsohuwar da ke yi mana wankan gawa ta rasu. Matan garin kowa na tsoron ciwon, kuma ba wadda ta iya. Matar Sulle jiya taimama kawai aka yi mata, aka kai ta."

"To ni me kike so in yi?"

"Ban ce ki yi komai ba. Na gaya miki ne."

Kubura ba ta gama suyar ranar ba. Ta je zauren Malam Abdulsalami, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, idan gari ya rasa mai wanka, a kan wa nauyin yake?"

"A kan duk garin. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya iya, ya koma kansa."

"Ko da yana Karaye?"

Malam ya dube ta. "Labarin ya iso Karaye, ko bai iso ba?"

Da ta gaya wa Halliru za ta tafi, bai yi mata maganar ciwo ba, don ya san ba za ta ji ba. Ta inda ya san zai taɓa ta ya bi.

"Iya, ranar da aka ji hannun nan ya taɓa gawa, wa zai ƙara cin wainarki?"

"Kai ma ba za ka ci ba?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara zaren keke. Daga baya ta ce wannan shirun ya fi tafiyar da ta yi a ƙasa zuwa Ruwan Bago gajiyar da ita. Ta kife tandar a bayan ɗaki, ta bi Tani.

Waɗanda suka ga bazarar nan sun ce tana fita daga wannan gida ana jiranta a ƙofar wancan. Ba ta taɓa gaggauta wanka ba, kuma ba ta taɓa faɗar abin da ta gani a jikin wata ba, har yau. Da ruwan sama ya sauka ciwon ya lafa, ta koma Karaye ta jiƙa gero ta kafa tanda. Mutane suka zo, suka gaishe ta har ƙasa, suka sa mata albarka, suka wuce suka sayi waina a rumfar gaba. Da yamma ta juye wa kaji. Kasuwa ta sake ci, aka sake yin haka. Sai ta sake kife tandar, ta koma inda ake bukatarta, ta riƙe kanta da kaɗi.

An tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ita dai tana kewar ƙamshin man gyaɗa a wuta. Da aka matsa mata a kan abin da ya sa ta tafi, ta ce, "Na tambaya, an ba ni amsa. Da ban tambaya ba da wata magana ce."

Ke ce, Iya Kubura, kika san abin da za ki rasa tun kafin ki ɗaga ƙafa, kika ɗaga. Ke ce mai rufa asirin waɗanda ba sa iya cewa an gode.

Ranar da ta miƙa wa Lauratu ƙwarya, mutanen gari sun taru a ƙofar gidanta don yi mata addu'a. Ana cikin haka Halliru ya iso daga Karaye a kan jaki, da wani abu naɗe a tsumma. Tandar ce. Tani kuwa, ashe da ita aka shirya, ta fito da ƙullu.

"Hannuna rawa yake," in ji Iya.

"Ai ba ɗinki za ki yi ba, Iya," in ji Halliru.

Ta soya. Da ta kwashe ta farko, sai kowa ya shiga duban na kusa da shi. Sulle, wanda aka binne matarsa ba wanka, ya taso ya miƙa hannu, amma Halliru ya riga shi. Ya ci a tsaye, gaban liman da kowa, ya miƙa akushi a ƙara masa. Iya ta ɗanɗana guda, ta juya ga Tani.

"Ƙullun nan bai tashi ba. Wa ya koya miki?"

Mun gode, Iya Kubura. Allah ya sa hannun da ya suturta matanmu ya sami wanda zai suturta shi da irin wannan natsuwa. Matan da suka iya wanka suke ɓoyewa, ga wadda ta riga ku. Sauranmu kuwa abin da ya rage mana bai kai nata wuya ba. Yanzu tana soya waina duk safiyar Juma'a a ƙofar gidanta. Wanda hanya ta bi da shi Ruwan Bago ya tsaya ya ci.