Gishirin da Na Hana Hauwa

Ranar Laraba ce, shekara ta biyu da saukar soja daga mulki. Ni dillalin fatu ne a mayankar Oko-Oba, ɗakina kuma yana Agege. Matata ta tafi Gumel haihuwa, ta bar mini 'yarmu Hauwa mai shekara biyu. Idan na fita, maƙwabciyarmu Iya Sikira, Bayarabiya mai sayar da burodi, ita ke riƙe ta.

Tun asuba Hauwa ke zawo. Kafin ƙarfe bakwai ta yi sau huɗu. Iya ta ce a samo ruwa cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali, sukari ƙwaya biyar, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Haka aka koya musu a wurin awo. Na ƙi. Shekara goma sha huɗu ina barbaɗa wa ɗanyar fata gishiri, da idona nake ganin yadda yake tsotse ruwanta har ta bushe ƙayau. Yarinyar da ruwan jikinta ke zuba, in ƙara mata gishiri? Na je kemis na sayo kafso ja-da-yalo, na fasa ɗaya a cokalin koko na ba ta. Na kuma ce a rage mata ruwa, tunda duk abin da ya shiga fita yake yi.

Iya ta ce, "Baba Hauwa, yaro fa ba fata ba ne." Na ce na ji.

Ƙarfe goma saura kwata aka harba bindiga sau biyu daga wajen titin jirgi. Sai ƙarar ƙofofin shaguna, ana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan okada ya wuce a guje yana ihu: "Ku fita! Hausawa ake nema!"

Iya ta tura mu ɗakin da take ajiye gawayi, ta sa kwaɗo ta waje. Ƙarfe goma sha ɗaya maharan suka shigo layinmu. Ina jin adda tana karce bango. Ina jin ana dukan ƙofata ana cewa, "Fito!" Daga nan sai ƙaurin katifa. Hauwa tana ta miƙa hannu ga jarkar ruwan da ke kusa da mu. Leɓenta kawai nake jiƙa mata. Da ta fara kuka na toshe bakinta da tafina. Wajen ƙarfe ɗaya ta yi shiru da kanta. Na ji daɗi. Na ɗauka magani ne ya kama.

Ƙarfe biyu Iya ta buɗe. Ta sa mini hular mijinta, ta ce kada in yi magana da kowa a hanya. Ta cusa mini ƙullin leda, gishiri da sukari. Na jefa aljihu don kada ta ji haushi.

Na bi ta lunguna, Hauwa a kafaɗa. A bakin kwata na tsallake telan da ke ɗinka mini kaya, yana kwance rub da ciki. Ban tsaya ba. Ana kiran la'asar na isa barikin soja. Jama'a fal a fili, ban ga fuska ɗaya da na sani ba. Wani soja ya daka tsawa: "Kowa ya zauna ƙasa!" Na zauna.

Wata nas ta soja tana zagayawa. Ta tsunkuli fatar cikin Hauwa ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ni ma na san me wannan ke nufi. Ta tambayi abin da na ba ta, na faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗaga murya tana neman mai gishiri da sukari. Na zaro ƙullin.

"Tun yaushe yake aljihunka?"

Na miƙa mata. Ta haɗa, ta ba ni cokali. Hauwa ta haɗiye na farko da na biyu. Na uku ya gangaro ta gefen bakinta. Nas ta ce ƙarin ruwa take bukata, hanyar asibiti kuma ba ta biyuwa. Hauwa ta cika a cinyata kafin magariba. Washegari muka binne ta tare da gawarwakin maza huɗu.

Ranar Asabar aka kawo tebur, ana rubuta abin da kowa ya rasa. Na bi layi. Na ce ɗaki ɗaya da kayansa, da 'ya ɗaya. Magatakardan ya ce harbi ne ko sara. Na ce ba ko ɗaya. Ya tsayar da biro yana jira. Na ce zawo. Ya ce takardarsa ba ta da gurbin wannan, ya kira na bayana.