Magaribar Kaka a Ƙasar Ƙanƙara

Jiya a tashar Showak idona ya sauka kan dutsen ƙanƙara yana zubar da hawaye cikin buhu, sai Kaka ya faɗo mini a rai. Da ransa, ba ya wuce mai ƙanƙara sai ya ɗora tafinsa a kan ƙanƙarar, ya lumshe ido.

Wata shekara muna yankan riɗi a Simsim, ya ba mu labari a ƙarƙashin rumfa. Ya ce yana saurayi ya yi aikin kuku a jirgin ruwan wasu Turawa masu bincike, har ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙasa take fara fat, rana kuma ba ta faɗuwa wata da watanni.

Limamin gonar ya kanne ido. "Ya Hajj, to Magariba fa? A aljihu ka zuba ta?"

"Da agogo na yi, lokacin Makka."

Aka fashe da dariya. Ni da nake son labarin kamar raina, sai na raɗa masa, "Kaka, tsakaninka da Allah, ka je?" Ya daɗe yana dubana. Bai sake ba da labarin ba har ya rasu.

Da yaƙi ya watsa mutane, ɗan Liman ya tsinci kansa can ƙurewar arewacin Turai. Ya bugo waya yana tambayar ubansa yaushe zai yi Magariba, rana ta ƙi faɗuwa. Liman ya dogaro sandarsa har gidanmu, ya ce a nuna masa kabarin Kaka. Har yau ban san ko Kaka ya je ba, amma Liman duk Juma'a yana maƙabarta.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kaka, Ya yafe mana.