Ƙwaryar Nono a Hanyar Takieta

Shekarar samun mulkin kai na sayi tsohuwar mota wurin wani Nasara. Amortisanta, ƙarafan da ke shanye girgiza, sun mutu, tana tsalle kamar ɗan akuya. Yayana ya ce gyaran ya fi ƙarfina, sai garejin Nasara. Raina ya ɓaci. Na tara maƙwabta muka ɗaga motar, muka ɗora ta kan turamen matata, ita kuwa tana ta faɗa. Kwana biyu ina kwance a ƙarƙashinta kafin na ɗaura sababbi.

Na ce, "Yaya, sa farar rigarka ka riƙe mini ƙwaryar nonon nan."

Muka shiga motar, na tuƙa. Har garin Takieta ko ɗigo bai taɓa rigar ba. Yaya ya kafa kai ya shanye nonon.